Bara ta zo ta huɗu ba ta iya karanta "tuwo" ba, bana tana karatu ta zo ta 11

Maman Auta: Salamu alaikum 'yan gida, barkanmu da hutu. Don Allah ku yi haƙuri yau dogon rubutu zan yi, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Ina tattara tsofaffin littattafan yara zan ba mai ƙosan layinmu ta riƙa naɗi, sai na ci karo da littafin Auta na watan Satumba, farkon shigarta aji biyu, na ɗauko na wannan watan na jera su a kan gado, wallahi sai da na yi ƙwalla. Shekararta bakwai. Bara da ta gama aji ɗaya ta huɗu ta zo cikin yara 36, babanta har keke ya sai mata, muna ta fankama, sai ranar nan ƙaninsa ya zo gaishe mu ya rubuta "tuwo" a bayan kalanda ya ce Auta karanta min. Ta kalla ta kalla ta ce "table". Ya rubuta "kaza" ta ce "kite". Ashe harafin farko kawai take gani ta cafko abin da aka haddace mata. Littafinsu na turanci kuwa za ta zubo maka shafi guda ba gargada, ya juya littafin kai a ƙasa ta ci gaba da zubowa abinta ko a jikinta. Rubutun lokacin in kun gani kamar kaji sun yi tono, b ta zama d, d ta zama b, sunanta ma wani lokacin daga dama take farowa.

To jiya an ba su rifot kad, ta 11 ta zo. Amma yanzu Auta tana karatu, Hausa sosai, turanci da ɗan jan ƙafa, kuma da hannunta ta rubuta wa babanta wasiƙa. Shi kuma ya bugo daga Fatakwal ransa a ɓace wai yarinya ta koma baya, daga ta huɗu zuwa ta 11, a canja mata makaranta kafin a koma. Ni kuma raina bai ba ni ba. Ku ba ni shawara.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Kafin shawara ni dai ki faɗa mana ya aka yi ta fara karatun, don nawa suna aji uku har yanzu muna nan a "A for apple" 😭

Baban Khalifa: Hajiya gaskiya ina bayan maigidanki. Kudi kuke biya fa. Hausa ai a gida take jinta, ba sai an biya kudin makaranta an koya mata ba. Common entrance da turanci ne, WAEC da turanci, JAMB da turanci, to meye amfanin bata shekara guda ana ba bi bu be bo

Maman Auta: Maman 'Yan Biyu bari in ba ki daki-daki. Zangon farko aka kawo musu sabuwar malama, ita ce malamar ajin kuma ita ke yi musu Hausa. Sati na uku ta aiko a kira ni, na tafi ina tunanin ko faɗa Auta ta yi. Ta ce Maman Auta yarinyarki tana da kai amma ba ta san cewa harafi sauti yake ɗauke da shi ba, hoto take ɗauka da ido. Ta ce kar in saya mata komai, in tara murafen lemo, in manna farar takarda a kai, kowane murfi gaɓa ɗaya, ba, ka, ma, ta, ra, sa, haka, kullum bayan magariba minti goma sha biyar kawai, kar in wuce ko da tana so. In tura mata "ka" da "za" ta haɗa, in cire "za" in sa "fa". Satin farko kuka muka sha ni da ita, don ni ma ba haƙuri gare ni ba, sau biyu na kwashe murafen na watsa a kwandon shara sannan na koma na tsince. Har ƙarshen Oktoba in ta ce "ka" ta ce "za" sai ta tsaya tana kallona, ta kasa jin cewa kaza ce ta faɗa da bakinta.

Ranar da abin ya buɗe ba zan manta ba, cikin Disamba ne ana tsananin hazo, muna cikin adaidaita mun maƙale a gosulon Kurna, tana kan cinyata, sai na ji tana motsa baki a hankali, du… ni… ya… la… ba… ri. Sai ta yi tsalle har ta buge min haɓa ta ce Mama DUNIYA LABARI aka rubuta a bayan waccan! Mai adaidaitan ya waiwayo ya ce Hajiya lafiya? Na ce lafiya lau malam, ja mu je. Daga ranar kuma mun shiga uku, ba allon shago ba buhun shinkafa ba kwalin magani, komai sai an tsaya ta karanta.

Malama Bauchi: Masha Allah. Maman Auta ki riƙe malamar nan hannu bibbiyu. Shekarata 14 ina koyar da ƙananan aji, abin da ta yi miki shi ne ainihin aikin. Baban Khalifa, da girmamawa, ba Hausa aka koya wa yarinyar ba, Hausa kam ta iya tun tana goye. KARATU aka koya mata, kuma karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Dalilin da ya sa ake farawa da Hausa shi ne rubutunmu yana bin baki, wasali biyar ne, a e i o u, "a" ɗin da ke cikin kaza ita ce a cikin masara, yaro in ya haɗa gaɓoɓi ya ji kalmar da ya sani sai ƙwaƙwalwarsa ta ce yauwa. A turanci kuwa ka ce masa wannan k ce, gobe ya ga knife ka ce kar ya faɗe ta, ya ga one ka ce da w ake farawa, ga shi kuma ko ya karanta daidai bai san ma'anar ba. Kaya biyu ka ɗora masa a lokaci guda. Mu nan Bauchi da Sakkwato an yi mana horo a shirin Mu Karanta, Katsina da Zamfara kuma aka yi RANA, duk a kan wannan hanyar ce, sauti, gaɓa, kalma, jimla, sannan ɗan labari. Ban ce shirye-shiryen sun gyara komai ba, aji mai yara ɗari ba abin da zai yi masa sai addu'a, amma hanyar dai na ga aikinta da idona.

Baban Khalifa: Malama na ji, amma to me ya sa ta fado daga ta hudu zuwa ta 11? Lamba ba ta karya

Maman Auta: Yauwa Baban Khalifa nan nake son zuwa. A aji ɗaya in jarrabawa ta zo, ribishan ɗin da ake ba su shi ne jarrabawar sak, tambaya goma da amsarta, mu zauna mu haddace da daddare, gobe a je a juye. Ni da kaina nake haddace mata, ba zan ɓoye ba. Wannan malamar ta hana. Ranar jarrabawa takarda take miƙa wa yaro da labarin da bai taɓa gani ba ta ce karanta ka amsa, ga shifta kuma. Iyaye har ƙara suka kai wajen hedimasta a zangon farko wai makin yara ya zube. Auta a zangon farko ta 23 ta zo ma, ban faɗa wa babanta ba 🙈 na biyu ta 16, yanzu ta 11.

Maman 'Yan Biyu: Kai Maman Auta 😂😂 ashe ke kika jawo, da kin nuna masa ta 23 ɗin da yanzu wani keken zai saya

Gardi: Ni abin da ya ba ni dariya, wannan da kuke kira sabuwar hanya ai ita ce ta makarantar allo tun kaka da kakanni. Babbaƙu tukuna, alu ambaki wau zal, yaro ya san kowane baƙi da sunansa, sannan farfaru a sa masa wasali, sannan ya fara haɗawa, kuma ba a wanke maka allo sai ka biya malam ya ji da kunnensa. Ba wanda ake cewa ya zo na huɗu. Ko ka iya ko ba ka iya ba. Batun farowa daga dama kuma kar ya dame ki Hajiya, yaron da yake zuwa islamiyya da yamma boko da safe dole hannunsa ya ɗan rikice da farko, da kansa yake warwarewa.

Malama Bauchi: Gaskiya ne Malam, sai dai a allon ma akwai masu haddar da in ka nuna musu aya a tsakiyar shafi sai sun koma farkon sura, ciwon dai ɗaya ne 😄 Amma batun dama da hagu na yarda da kai, da b da d ɗin ma, yawancin yara 'yan shida zuwa bakwai suna yi. In ya wuce aji uku yana yi sosai shi ne za a zauna a duba.

Gardi: Malama kin taɓo mu, amma na karɓa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ku bari in sa baki daga wannan gefen. Mu nan Nijar lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci a kan fara tun CI, wato aji ɗaya, yaro bai taɓa jin kalma guda ba a gida, mushe, wato malami, na faɗi yana maimaitawa kamar aku. Ɗiyata ta yi CI ta yi CP, wato aji biyu, kayenta, littafin rubutunta ke nan, cike da rubutu mai kyau kamar an buga da inji, don mu nan ana matsa ma yara wajen kyan hannu, amma ka ce ta karanta abin da ta rubuta sai ido. Sai da wani ƙanena ya zauna da ita da ardwaz, ɗan allon rubutu, yana rubuta mata Hausa, cikin wata ukku ta kama, kuma Faransancin ma sai ya zo mata da sauƙi. A 2025 an ce Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, muna jira mu gani ko za ta shigo aji da gaske ko a takarda za ta tsaya. Af, kuma mu ƴaƴa muke rubutawa da y mai ƙugiya, ku kuna sa mata ɗan waƙafi a sama, in Auta ta ga namu kar ta ce kuskure ne.

Malama Bauchi: Ɗan Maraɗi mu ma a takarda mun taɓa samunsa. A da manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da ƙananan aji da harshen da yaro yake ji, a ƙarshen 2022 ma gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida. Je ka makarantun kuɗi ka gani, yaro ya yi Hausa a aji a ci shi tara.

Baban Khalifa: To ai shi ya sa muke kai su can. Ni dai Khalifa tun nazire turanci yake yi kuma yana karatunsa lafiya

Maman Auta: Allah ya ƙara masa basira Baban Khalifa, yara ba ɗaya ba ne, wani ko ta ina ka faro zai kama. Tawa dai ba ta kama ba sai ta nan. Kuma kar ku ɗauka tafiyar ta miƙe tun daga Disamba, zango na biyu sai da na fid da rai. Janairu zazzaɓi ya kwantar da ita kusan sati biyu, da ta koma kamar an share allo, gaɓa mai baƙi a ƙarshe ta zame mata dutse, "fartanya" sai ta ce fa-ra-ta-na-ya, "hannu" ta rubuta hanu, "kunne" ta rubuta kune. Ga rubutu ba tazara, duk jimla a manne kamar jerin gwano. Malamar ta ce ta riƙa sa ɗan yatsanta bayan kowace kalma kafin ta fara wata, shi ya sa littafinta na Fabrairu duk shatin yatsa ne da maiƙon ƙosai.

Sai aka yi hutun azumi, kun san a 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi an rufe makarantu a watan Maris. Na ce shi ke nan komai zai zube. Sai dabara ta zo min na ce Auta daga yau ke ce sakatariyar cefane, kullum da hantsi ina faɗa tana rubutawa, yayanta ya tafi da takardar kasuwa, kuma na hana shi tambayata, abin da ya gani a rubuce shi zai sayo. Rana ta uku ta rubuta "samiya", ya je ya dawo ya ce shi bai ga mai sayar da Samiya ba, don tsokana, ranar kunun tsamiya sai da muka aika maƙwabta. Ta yi kuka ta ƙoshi, amma daga ranar ts ba ta sake kuɓuce mata ba. Ƙanƙara kuwa sai da muka yi sati muna fama da ƙugiyar nan guda biyu.

Gardi: Baban Khalifa ka ji ko, 'yar shekara bakwai tana sa ƙugiya, kai tun ɗazu kake rubuta mana "kudi" da "karya" 😂 lamba ba ta karya kamar yaya, karyar da ke haushi ko ƙaryar baki?

Baban Khalifa: Malam wayata ce ba ta da su 😅

Malama Bauchi: Tana da su, ka shiga saitin kibod ka ƙara Hausa, Gboard yana da ɓ ɗ ƙ duka. Uzuri ya ƙare.

Admin: Jama'a a dawo kan maganar Auta don Allah, a bar Baban Khalifa ya sha iska.

Anti Nas: Ni ta ɓangarena zan yi magana, musamman ga Maman 'Yan Biyu. Kafin ki ce yaro ba ya ganewa ki tabbatar yana GANI kuma yana JI. Ki lura in yana matse ido in yana kallon talabijin, ko yana kai littafi dab da hanci, ko kullum abin da ya kwafo daga allo a karkace yake da giɓi. Mun sha ganin yaron da aka yi shekara ana zane shi ana ce masa daƙiƙi, ashe daga bencin baya allon hazo-hazo yake gani, tabarau kawai yake buƙata. Haka wanda kunnensa ke yawan ruwa, ta yaya zai bambance s da ts in bai ji su da kyau ba. Ki kai su a duba, ba wani abu mai tsada ba ne a asibitin gwamnati.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi, Anti wallahi Hassan haka yake yi da talabijin, har faɗa nake masa ya matsa baya. Husaini kuma lafiyarsa ƙalau wasa ne kawai ya yi masa yawa. Zan kai shi cikin satin nan in sha Allah. Maman Auta murafen nan guda nawa kika fara da su?

Maman Auta: Goma kacal, ba ka ma ta na da ra sa za fa, duk masu "a", sai da ta ƙware na shigo da masu i da u. Kar ki zuba musu da yawa, kuma ki raba su, in kika haɗa 'yan biyu ɗaya zai riƙa amsa wa ɗaya.

Baban Khalifa: To turancin fa, har yanzu ba ki fada mana ba. Nan ne maigidanki zai tsaya

Maman Auta: Turancin a zango na uku ya fara motsi, kuma ba wanda ya zauna ya faro mata daga farko, da kanta ta fara gwada dabarar murafen a kai, sit, pot, basket, duk tana fasa su. Inda take faɗuwa irin su night da laugh, ta karanta su da Hausa tsaf mu yi ta dariya, malamar ta ba su jerin irin waɗannan su riƙe da ido. Kuma gaskiya ko ta karanta jimla daidai, rabi ba ta san me ake nufi ba sai an fassara, wannan kam da saura, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da "table" ɗin bara da wannan ai ba haɗi.

Malama Bauchi: Ga abin da za ki yi da maigida. Kar ki yi gardamar fozishan da shi, ba za ki ci ba. In ya dawo ki ba shi littafin Satumba da na Yuli ya riƙe da hannunsa. Sannan shi da kansa ya rubuta layi uku da ba ta taɓa gani ba ya ba ta. In kuma ya nace sai an canja makaranta, ku je sabuwar tare, ku roƙi a kira muku yaro ɗaya ɗan aji uku ku ba shi layi ukun nan. Hutun nan kuma kar ki bari ya tafi a banza, dogon hutu yana cin karatun yara, ki samo mata kowane ɗan littafin labari na Hausa, ki sa agogo minti ɗaya ki ƙirga kalma nawa ta karanta daidai, ki rubuta a bango, bayan sati biyu ki sake. Da kanta za ta riƙa tsere da kanta.

Maman 'Yan Biyu: Wasiƙar fa? Mu dai a karanta mana wasiƙar 🥹

Maman Auta: Ga ta yadda ta rubuta, ban gyara ko ɗigo ba: "Baba ina wuni. ya fatakol. nayi karatu da yawa. keke na ya lalace tayar baya. in zaka dawo ka taho da kifi da kilina guda biyu don yaya yana sacemin. Mama tace kar in faɗa maka ta ƙona shinkafa. nice Auta." Ban tura masa ba tukuna saboda layin shinkafar nan.

Gardi: 😂😂😂 Hajiya tura haka nan, wannan layin shi ne shaidar ba ke kika rubuta mata ba

Malama Bauchi: Ta sa ƙugiya a faɗa da ƙona! Sauran "nayi" da "tace" da "zaka" a raba su, aikin aji uku ne, manya ma a gidan nan ba su raba ba.

Baban Khalifa: Gaskiya wasikar ta yi. Yau da daddare zan rubuta wa Khalifa tuwo a bayan kalanda in gani, in ya ce table za ku ji ni

Ɗan Maraɗi: Muna jiran labari Alhaji, kar ka ɓace.

Maman Auta: Na tura masa hoton wasiƙar da shinkafar da komai, ya gani, alamar ta yi shuɗi amma bai ce komai ba tukuna. Wani abin kuma, wa ya san yadda ake sa wa WhatsApp makulli shi kaɗai? Yanzun nan na fita duba tukunya na bar wayar a kan kujera, na dawo na tarar da Auta a gaban kakarta tana karanto mata hirar nan da ƙarfi gaɓa-gaɓa, har ta kai wajen "ta 23 ta zo ma ban faɗa wa babanta ba", Hajiya ta ce in zo tana son magana da ni.